Tsohuwar Porsche 911 ko sabuwa?

Malam, kana tambaya wacce mota za ka saya, tsohuwar Porsche 911 ko sabuwa. Ka fara neman bakanike tukuna.

Tsofaffin, har zuwa samfurin 993 da aka daina ƙerawa a 1998, iska da baƙin mai ke sanyaya injinsu, babu ruwan lagireto. Ƙarar injin nan a bayanka kuwa (don a bayan motar injin yake), ba a magana, ga shi ba sa faɗuwa a kasuwa. Amma sukan ɗigar da mai, cunkoso da tsakar rana yana wahalar da su, kayan gyara kuma sai an yi oda.

Sabuwar ta fi gudu da birki, kwamfuta ke kula da komai. In kullum za ka hau, ita zan ce ka ɗauka.