Ajiye girandar tukuna: amsa kan famfon kulocin da ya ƙi zama

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo daga warsha. Ka ce injin babur ɗin Hayabusa ya zauna a firam ɗin motar, amma famfon kuloci na ƙasa, wato wanda ke jikin inji yana buɗe kuloci idan aka taka feda, yana gogar faifan ƙarfen da ke haɗa inji da farfela, ga kuma wani bututun firam da ya tokare shi ta gefe. Kana tambaya ko ka ci faifan da giranda, ko ka yanke bututun ka wuce. Kada ka yi ko ɗaya.

Fara gane inda matsalar ta samo asali. Lokacin da Suzuki ta fito da wannan inji a 1999, mai cc 1299, a kan babur ta tsara shi, yana kwance a gicciye yana jan sarƙa. A motocin haɗi masu ƙirar Lotus Seven, ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, irin Megabusa ta kamfanin Westfield, juya shi ake yi har gefen sarƙar ya dubi baya, a cire haƙoran sarƙa a sa faifan farfela a gurbinsu. To, famfon ƙasa a kan murfin sarƙar yake zaune, kuma sandar da yake turawa ta ratsa cikin inji har zuwa ga farantan kuloci da ke ɗaya gefen. Ka kawo faifai mai faɗi da kawunan noti inda dā ba kowa sai sarƙa. Dole su yi karo.

Auna kafin komai. Samo ƙullun fulawa mai tauri, ka manna a jikin famfon wajen da kake zargi, ka ɗaura faifan da farfelar, ka juya da hannu zagaye biyu. Cire ka yanka ƙullun da reza, ka auna kaurin da ya rage. Nan za ka ga wanda ke taɓawa, sau da yawa ma kan noti ne kawai. Idan haka ne, noti mai gajeren kai amma mai ƙarfi iri ɗaya ya raba gardama. Idan bakin faifan ne, kai shi wurin masu makharaɗa, wato injin feƙe ƙarfe, a sina'iyya, unguwar masu sana'a, su rage shi daidai ta kowane gefe. Giranda ba ta ci daidai, kuma faifan da ya fi nauyi a gefe guda zai riƙa jijjiga farfela har ya kashe maka boris ɗin giya.

Murfin sarƙa na asali ba zai koma ba, sai ka ƙera wa famfon mazauni. A nan nake so ka natsu, domin nan ne yawancin masu wannan aiki ke faɗuwa. Farantan kulocin babur ba sa buɗewa da yawa, wajen milimita 2 ne. Idan mazaunin ya lanƙwasa ko da rabin milimita lokacin da aka taka, ka yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu na aikin, giya ta farko ta riƙa shiga da ƙara, motar na jan jiki alhali ƙafa na ƙasa. Yi shi da faranti mai kauri, kamar milimita 10, ka ɗaure a ramukan notin murfin asali, uku aƙalla. Tsakiyar famfo ta kalli sandar sak. In ta karkace, za ta cinye robar da ke tare mai, ka wayi gari da baƙin mai a ƙasa. In ka ja famfon baya don ya kauce wa faifan, sai ka ƙara wa sandar tsawo daidai gwargwadon abin da ka ja, kuma bakinta ya zama ƙarfe mai tauri, ba guntun rodi ba.

Bututun firam kuwa, shi ke riƙe da ramin farfela, kusa da ƙafar mutum. Gwada matsar da injin kaɗan a kan mazauninsa tukuna, kana lura kada farfela ta karkace da yawa. Bar tazarar yatsa guda tsakanin famfo da ƙarfe, saboda inji yana murɗawa idan aka ba shi wuta. In babu makawa sai an taɓa bututun, ka jira in dawo daga Makka mu yi tare, mu sa madadinsa kafin mu cire shi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi ba ni tsoro. An yi wannan kuloci don yatsun hannu, yanzu ƙafar ƙato za ta taka shi. Feda tana tura mai fiye da abin da ake bukata, har farantin matsi ya daki murfinsa daga ciki, ko fistin famfon ƙasa ya fito. Sa noti mai tare feda. Ɗaga bayan motar, ka kashe inji, ka sa giya, wani ya riƙa ƙoƙarin juya tayoyin baya biyu tare kana taka feda a hankali. Inda suka sake, ƙara kaɗan ka kulle notin a nan. A sama kuma bar mata ɗan wasa, don man ya samu hanyar komawa.

Motar ta ninka babur ɗin nauyi, don haka canja sifirin ɗin kuloci da masu ƙarfi, ka zuba man babur mai alamar JASO MA, domin farantan cikin mai suke wanka, man mota na sa su sulɓi. Tiyon man kuloci kuma ka nisanta shi da salansa. Zuba man birki mai alamar DOT 4 daga sabuwar kwalba, saboda wadda aka buɗe ta kwana biyu a raɓar Jidda ta riga ta sha ruwa.

Gobe in Allah ya kai mu, turo mini kaurin ƙullun a wurare uku: kan noti, bakin faifai, da gefen bututu.