Amsa ga ɗana a sana'a kan dillalin da zai biya bayan an gama zagaye

Ɗana, saƙonka ya same ni. Ka ce wani dillali ya rubuto maka cewa yana da mutum ashirin da biyu da za su sauka Budapest, babban birnin Hungary, a wani ƙarshen mako, yana so ka zagaya da su mashayun kangaye, wato waɗanda aka buɗe a cikin tsofaffin gidajen da suka lalace, na gunduma ta bakwai dare biyu a jere, kuma zai biya ka bayan an gama. Ka tambaye ni ko ka karɓa, sannan ka tambayi mashayar da ya kamata ka fara da ita. Tambaya ta biyu ba zan ɓata tawada a kanta ba, domin wata takwas ke nan kana bin bayana kowane dare, kuma duk wanda ya yi mako guda a aikin nan ya san ana haɗuwa a dandalin Deák Ferenc, a isa mashayar Szimpla Kert kafin layi ya yi tsawo a titin Kazinczy, a bar Instant-Fogas na titin Akácfa zuwa ƙarshe tunda can kiɗa ba ya barin a ji magana. Idan har yanzu sai an faɗa maka wannan, to ka sake tunani a kan sana'ar. Tambayarka ta farko ce ta zaunar da ni, saboda saƙo irin wannan, kusan kalma da kalma, shi ne ya raba ni da abin da na fi daraja a duk shekarun da na yi ina jagorar baƙi a garin nan.

Kafin ka gane girman asarar, sai ka san abin da nake sayarwa, domin ni ba giya nake sayarwa ba, kuma ni da kai babu mai kai ta bakinsa. Ƙofar mashaya a buɗe take, ba a buƙatar jagora kafin a shiga. Abin da baƙo yake biya shi ne a gaya masa yadda aka yi gidaje masu hawa uku da huɗu a tsakiyar babban birni suka zama kangaye. Unguwar Erzsébetváros, wato gunduma ta bakwai ɗin nan, ta Yahudawa ce tun da daɗewa, kuma majami'arsu ta titin Dohány, wadda aka kammala a 1859, ita ce wurin ibadar Yahudawa mafi girma a Turai. A ƙarshen 1944 aka katange 'yan titunan nan aka cusa Yahudawa kusan dubu 70 a ciki, cikin sanyi da yunwa, har sojojin Sobiyat suka iso a watan Janairun 1945. Waɗanda suka mallaki gidajen da yawa ba su dawo ba, gwamnatin kwaminisanci ta karɓe gine-ginen ta bar su ba gyara, kuma bayan faɗuwar wannan mulki a 1989 aka rasa mai kuɗin tayar da su, wasu ma aka sa su a jerin waɗanda za a rushe. A cikin wannan jira ne samari suka kama hayarsu da arha, suka kwaso kujerun da aka zubar da tsofaffin fitilu, suka buɗe wuraren sha da 'yan ƙasa ke kira romkocsma. Szimpla ta fara a 2002, ta koma mazauninta na yanzu a Kazinczy a 2004, kuma tsohuwar motar Trabant da baƙi ke rububin ɗaukar hoto a cikinta shaida ce ta wancan zamani. Jagoran da bai iya ɗaura wannan labari a kan bangon da baƙo yake jingine da shi ba, ɗan rakiyar mashaya ne kawai.

Ni kuwa ina da abin da babu wani jagora a garin da yake da shi. A wani gida mai tsakar gida da baranda ta ƙarfe zagaye da kowane hawa, irin gidajen unguwar, akwai wata tsohuwa da ta zauna a cikin katangar nan tana yarinya. Shekara biyu na yi ina gaishe ta a bakin titi, ina ɗaukar mata kayan cefane zuwa hawa na biyu domin gidan babu na'urar hawa, kafin ta yarda ta yi magana da sauran mazauna gidan a ba ni lambar buɗe ƙofa. Sharaɗinta guda uku ne: kada mu wuce mutum goma, kada mu shigo bayan ƙarfe takwas, kuma kada kowa ya shigo da kofin giya a hannu. Idan jikinta da ƙarfi takan sauko da kanta, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ita da mahaifiyarta suka kwana makonni, ta yi magana minti biyar, ni kuma in fassara. Na ga manyan mutane sun fita daga tsakar gidan nan sun kasa cewa uffan har muka kai mashaya ta gaba, kuma saboda wannan minti biyar ɗin ne ake nemana da suna daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba.

To, wata bazara wani dillali ya kira ni. Muryarsa a natse, ya san sunayen tituna, ya ce an ba shi labarina. Ya ce yana da mutum ashirin da shida, ma'aikatan wani kamfani daga Ingila masu sha'awar tarihi, dare uku, kuma ya sa farashin da ya ɗara wanda na saba karɓa ba tare da na roƙa ba. Da na ambaci kafin alƙalami sai ya ce kamfanin ba ya fitar da kuɗi sai an kai masa rasit bayan aiki, kuma ai mutum irina ya wuce a yi ta ja-in-ja da shi a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wannan yabon ne ya kama ni. Na soke mutanen da suka riga suka kama waɗannan darare, na ɗauki mataimaka biyu na yi musu alkawarin kuɗinsu, na je mashaya uku na ajiye kuɗin kama tebura daga aljihuna, har na biya kuɗin pálinka, barasar ƙasar da ake tarbar baƙi da ita, duk a kan magana ta waya, babu takarda ko ɗaya da ya sa wa hannu.

Da na iso dandalin Deák a daren farko, tun daga nesa na gane an yaudare ni. Abokan ango ne da suka zo yi wa ɗayansu bankwana da gwauranci, duk sanye da riga iri ɗaya, angon kuma an sa masa kayan mata, kuma tun a jirgi suka fara sha. A nan ya kamata in juya in tafi gida, in haƙura da abin da na riga na kashe. Amma na tuna kuɗin da na zuba, kuma na ɗauka shekarun da na yi sun isa in iya da kowane irin taro. Dillalin ya ƙara bugo waya yana jaddada cewa gidan ɓoye da aka ba shi labari shi ne dalilin da ya sa ya zaɓe ni, in ba a shiga ba kuwa ba zai iya biyan cikakken kuɗi ba. Sai na raba su gida biyu, na bar rabi da mataimakana a bakin titi, na shiga da goma sha uku, alhali ƙarfe takwas ta wuce da kusan rabin sa'a. Sharaɗi biyu na karya da hannuna kafin su karya na ukun.

Ban gama jimlar farko ba wani ya buɗe wa sauran ƙofa daga ciki. Suka cika tsakar gidan da waƙar ƙwallo, sautin yana hawa bango yana dawowa, domin gidajen nan kamar rijiya suke, ko tari aka yi a ƙasa ana ji a hawa na huɗu. Ɗaya ya kama ƙarfen baranda zai hau, ya ture tukwanen furanni suka tarwatse. Wani kuma ya juya baya ya yi fitsari a jikin ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasan nan. Na ɗaga kai na ga tsohuwar a tsaye a baranda, hannunta biyu a kan ƙarfe, ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, kuma ba su take kallo ba, ni take kallo. Wani maƙwabci ya kira 'yan sanda, kuma kafin su iso na samu na kora mutanen waje da taimakon yarana biyu.

Sauran daren bai fi haka kyau ba. A mashaya ta biyu suka yi faɗa da wasu, aka fasa gilashi, mai kula da wurin, wanda muka shekara biyar muna gaisawa, ya riƙe kuɗin da na ajiye kuma ya ce kada in sake kawo masa kowa har ƙarshen shekara. Washegari na ce na fasa sauran dare biyun, dillalin ya ce ni na karya yarjejeniya, saboda haka ko na daren farko ba zai biya ba, daga nan kuma wayarsa ta daina shiga. Lauyan da na gani ya tambaye ni takarda, na ce babu, ya ce kuɗin shari'a da wanda yake wata ƙasa zai fi abin da nake bi. Na biya mataimakana daga ajiyata domin ba su da laifi. Da na haɗa lissafi, abin da ya tafi ya kai kuɗin hayar ɗakina na wata huɗu, kuma wannan na mayar da shi kafin sanyi ya shigo. Lambar ƙofar gidan kuwa an canza ta tun da safe. Na rubuta wa tsohuwar wasiƙa da harshensu, na sayi sababbin tukwane na ajiye a bakin ƙofa, na je sau uku na danna ƙararrawa, ba ta amsa ba. Bayan shekara biyu mai sayar da kayan miya na kusurwar titin ya gaya mini ta rasu. Har yau idan zagaye ya biyo da ni ta wannan titi, tsallakawa nake yi zuwa ɗaya gefen.

Saboda haka ga abin da za ka rubuta wa dillalinka. Rabin kuɗi ya shigo asusunka mako guda kafin ranar, kuma ba a mayarwa; sauran rabin a biya a dandali kafin a ɗaga ƙafa. Ya aiko da sunan kamfaninsa da adireshinsa a rubuce, ya faɗi dalilin tafiyar mutanen a rubuce, kuma a sa a takardar cewa kana da ikon sallamar duk wanda ya zo a buge ba tare da ka mayar da ko forint ɗaya, wato kuɗin ƙasar, ba. Kuɗin kama tebur shi zai biya, ba kai ba. Mutum ashirin da biyu kuma ba taron jagora ɗaya ba ne a titunan da mota da masu tafiya ke gogar juna. Goma sha biyu ne iyaka, in ya ƙi a raba su da jagora na biyu, ka bar shi ya tafi. Dillalin kirki ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa domin shi ma haka yake yi da otal, wanda kuwa ya fara yabonka maimakon ya aiko da kuɗi, ka san irin wanda ya kira ni ne.

Na san abin da za ka ce, cewa idan ka ƙi wani zai karɓa. Zai karɓa mana, domin yaran yanzu sun ɗauka sana'ar nan riƙe lema ce a gaban baƙi don su bi ka, da tara taurarin yabo da suke bayarwa a waya. Suna haddace labari daga intanet da rana su zuba shi da dare, ba su san sunan maigadi ko ɗaya ba, ba su taɓa gaida mai shara ba, wasu ma ba su da lasisin jagora da doka ta ce a mallaka. Mafi muni su ne masu karɓar la'ada su kai baƙi wuraren da ake ninka musu kuɗin abin sha, su ɓata sunan kowa. Kai ma na lura da kai, baƙo yana magana idonka yana kan waya, kuma ranar Asabar ka bar mutanenka suna gwara kofunan giya a gaban dattawan gari ba ka gaya musu cewa da yawa a nan har yanzu ba sa yin haka ba, saboda tunawa da janar goma sha uku na Hungary da aka kashe a garin Arad a 1849, waɗanda ake cewa da gwara kofunan giya aka yi murnar kashe su. Irin wannan ƙaramin abu ne ke bambanta wanda ya san gari da wanda ya san taswira.

Kuma kada ka manta akwai mutane a saman kowace mashaya da za su tashi aiki da asuba. Sun gaji da mu har ta kai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a unguwar a 2018 kan a rufe mashayu daga sha biyun dare, kuma ƙarancin waɗanda suka fito ne kawai ya sa sakamakon bai zama doka ba. Duk taron da ka bari ya yi ihu a ƙarƙashin tagar wani, ka ƙara wa masu son a rufe mu ƙuri'a ɗaya. Tsakanin mashaya da mashaya ka riƙa tafiya a baya kana ƙirga kawuna, ka tsayar da su a inda babu taga idan za ka yi bayani, kuma idan an tashi ka raka su har tashar taram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 6 da ke kwana tana aiki, ko ka sa su a tasi mai launin rawaya mai rajista.

Ka aika masa da sharuɗɗan yau, ka turo mini amsarsa kafin ka ce masa komai. Ranar Alhamis kuma ka same ni a dandali ƙarfe shida da rabi, ba bakwai ba, domin akwai maigadin wata mashaya a titin Dob da nake so in haɗa ku, kuma ka zo da wayarka a cikin aljihu.