Baffa, kafin ka sayar da gidanka ka koma bakin teku

Assalamu alaikum Baffa. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Allah ya sa ka ajiye aikin nan lafiya, ya sa albarka a abin da ka tara. Ka ce baɗi za ka yi ritaya, kana so ka sayar da gidanka ka haɗa da kuɗin garatuti, ka sayi ɗan gida a bakin teku a Langkawi ta Malesiya ko Fuket ta Tailan ko Bali ta Indonesiya, kai da Hajiya ku huta a can. Ka tambaye ni wanne ya fi, kuma ta ina ake farawa, tunda na daɗe a tsibirin Penang na Malesiya. Na gode da ka yarda in amsa a fili, domin masu irin wannan tunani suna da yawa.

Ban ga laifin burin nan ba. Wanda ya yi shekaru yana hidima ya cancanci hutu, kuma wuraren da ka lissafa suna da kyau ƙwarai. Amma roƙona ɗaya ne: idan za ka zaɓi wuri, ka sa a ranka mai shekara 75 kake zaɓar wa, wanda gwiwa ta fara ba shi wahala, ba ya tuƙi da dare, kuma likita yana son ganinsa duk wata. Kai na yau da ƙarfinka ko'ina ka sauka za ka ji daɗi.

Shi ya sa zan fara da asibiti, abin da bidiyon da ka kalla ba sa nunawa. Galibi wurin da ya fi kyau a hoto shi ya fi nisa da babban asibiti, domin ƙarancin jama'a ne ya bar ruwansa garau. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, allurar da ke narkar da gudan jinin tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton kai kafin a yi ta. Langkawi tsibiri ne da ba shi da gada, kuma ciwon da ya fi ƙarfin wurin sai an haye da mutum zuwa birnin Alor Setar ko nan Penang. Ƙananan tsibiran gabashin Malesiya irin su Perhentian da Redang, waɗanda ruwansu ya fi na ko'ina ɗaukar ido, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu iskar damina kan tayar da teku har yawancin otal su rufe, jiragen fito su tsaya. Ka ƙaddara ƙirjin Hajiya ya riƙe da tsakar dare a irin wannan lokaci. Penang kuwa gada biyu ta haɗa ta da sauran ƙasa, ta farko mai kilomita 13.5 da aka buɗe a 1985, ta biyu mai kilomita 24 a 2014, kuma asibitocinta sun yi sunan da mutane ke hawo jirgi daga Medan da Aceh na Indonesiya su zo a duba su. Gaskiya tekunmu na nan ba shi da shuɗin nan na hoto, ruwan a gurɓace yake gani, wani lokaci ma akwai halittun ruwa masu harbi. Duk da haka in ni ne, na yarda in rasa shuɗin ruwa in samu likitan zuciya a kusa.

Asibiti mai kyau kuma kuɗi yake ci. Ka faɗa mini kana shan maganin hawan jini, Hajiya na fama da suga. Kamfanonin inshorar lafiya suna da iyakar shekarun da suke karɓar sabon mutum, kuma ciwon da ka shigo da shi yawanci sukan cire shi daga abin da za su biya, tare da duk abin da ya haifar daga baya. Wato suga ta taɓa ƙoda, wankin ƙodar daga aljihunka ne. Na taɓa raka wani dattijo baƙo asibitin kuɗi da dare, yana zaune a keken marasa lafiya yana haki, matarsa na tsaye a wurin biyan kuɗi tana gwada katin banki ɗaya bayan ɗaya, hannunta na rawa, domin ba a ba da gado sai an ajiye kuɗi ko takardar lamuni daga inshora. Asibitin gwamnati ma farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Kafin ka nemi dillalin gida, ka nemi kamfanin da zai rubuta maka baƙi a kan fari abin da zai biya da wanda ba zai biya ba.

Sai takardar zama. Duk waɗannan ƙasashe izini suke bayarwa na wani lokaci, ana sabuntawa, kuma su ke da ikon canza sharaɗi ranar da suka ga dama. Malesiya na da shirin ba baƙi izinin dogon zama mai suna MM2H tun 2002. A da, wanda ya kai shekara 50 zai ajiye ringit 150,000, kuɗin Malesiya, a banki, ya nuna yana samun ringit 10,000 a wata daga waje. An dakatar da shirin a 2020, da aka dawo da shi a 2021 sai ajiyar ta koma ringit miliyan 1, kuɗin shiga na wata ya koma 40,000. Hankalin mutanen da suka riga suka tattaro komai nasu suka zauna a nan ya tashi matuƙa, sai da aka yi ta ƙorafi kafin a sassauta wa waɗanda ke ciki. A 2024 aka sake fasali zuwa mataki uku, mafi ƙanƙanta yana neman ajiyar dalar Amurka 150,000, da sayen gida na aƙalla ringit 600,000 wanda ba za ka sayar ba sai bayan shekara 10, izinin kuma na shekara 5 ne.

Tailan ta fi sauƙin shiga. Mai shekara 50 zuwa sama zai nuna bat 800,000, kuɗin Tailan, a bankin ƙasar, ko bat 65,000 da ke shigowa duk wata. Amma duk shekara ake sabuntawa, duk kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake zaune, ba a yarda ka yi aiki ba, kuma kuɗin nan ba naka ba ne ka kwashe yadda kake so, domin akwai watannin da dole su cika cif, sauran shekarar kuma kada su gaza 400,000. Wannan zirga-zirga ba komai ba ce a yau. Ranar da mutum ya fara mantuwa, ko yana kwance, wa zai riƙa yi masa ita? Ka kuma tambaya tun yanzu, ko da tambayar ba ta da daɗin ji: idan izinin Hajiya a jikin naka yake rataye, mene ne matsayinta ranar da Allah ya yi maka rasuwa? Waɗannan lambobi ma kada ka tsaya a kan nawa, ka tabbatar da su a ofishin jakadanci lokacin da za ka nema, ka ji kuma ko akwai ƙarin takardu da ake nema ga mai fasfo irin naka.

Akwai wani lissafi da ke cin mutane sannu a hankali. Fanshonka a kuɗin wata ƙasa yake zuwa, haya da magani kuma a kuɗin wata kake biya. Idan naka ya faɗi da kashi ɗaya cikin uku, an rage maka fansho ke nan ba tare da kowa ya rubuto maka takarda ba, kuma sharaɗin biza ba ya raguwa tare da shi. Ka yi lissafin zamanka a kan canji mafi muni da za ka iya hasashe, idan ya ɗauke ku to, idan bai ɗauka ba ka san inda ka tsaya.

Maganar sayen gida ita ta fi damuna a saƙonka. A Tailan baƙo ba ya mallakar fili. Zai iya sayen ɗaki a dogon bene, shi ma rabon baƙi a ginin ba ya wuce kashi 49 cikin 100. A Indonesiya cikakkiyar mallaka ta 'yan ƙasa ce kaɗai, baƙo sai haƙƙin amfani ko haya mai dogon zango. Dillalai za su ce maka ba matsala, a sa sunan wani ɗan gari, ku rubuta yarjejeniya a gefe. Baffa, don Allah kada ka yarda. Dokar ƙasashen biyu ba ta amince da wannan dabara ba, ranar da rigima ta tashi wanda sunansa ke kan takarda shi ke da gida. Haka gidajen da ake tallata su tun suna zane a takarda, cinikin biri a sama ne. Ko wanda ka saya ta halastacciyar hanya, shiga ke da sauƙi: gidan da aka gina don baƙi sai baƙo zai saye shi, yana iya shekara a kasuwa kai kuma kana buƙatar kuɗin tiyata a makon nan. Ga kuma 'ya'yanka da za su zo neman gado a kotun da ba su jin harshenta.

Yanayin ma ba irin na makon hutu ba ne. A nan zafi kan kai wajen digiri 32 da rana duk shekara, danshin iska kuma wajen kashi 80 cikin 100, gumi ba ya bushewa a jiki. Ka rufe gida ka yi 'yar tafiya, ka dawo ka buɗe durowa, za ka tarar takalmin fata ya yi funfuna kore-kore, littattafai sun kumbura suna wari. Gidan da ke dab da teku gishiri ke cin sa: makulli, ƙarfen taga, injin na'urar sanyaya ɗaki, duk tsatsa. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, ko na ƙarƙashin tukunyar fure, kuma cutar ta fi tsanani ga tsofaffi masu suga ko hawan jini. Mai shan asfirin ya gaya wa likita da wuri, domin tana ƙara haɗarin zubar jini. A 2015 da 2019 hayaƙin gobarar dazukan Sumatra da Kalimantan na Indonesiya ya turnuƙe yankin har aka rufe makarantu. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kashe mutane wajen 230,000, ta daki Fuket, ta taɓa Penang ma. Ba don in tsorata ka na kawo ta ba, sai don in za ka kama gida ka dubi tudu da hanyar fita.

Abin da ya rage shi ne mutane, kuma shi na fi ganin yana karya dattawa. A wajen addini Malesiya da tsibirin Lombok na Indonesiya da yankunan Musulmi na Fuket da Krabi a Tailan za su yi maka daɗi, ga masallatai, ga maƙabartar Musulmi. Bali kuwa mafi yawan mutanenta mabiya Hindu ne. Amma huɗuba da harshen Malay ake yi a nan. Za a gaishe ka da fara'a bayan sallama, a ba ka hannu, sannan hira ta ɓarke a gefenka kai kana zaune ba ka tsintar komai. Ni aiki ne ya haɗa ni da jama'a, wanda ya yi ritaya ba shi da wannan ƙofa sai ya buɗe ta da kansa, ya koyi harshen, ya lizimci sahu ɗaya har a san fuskarsa a nemi lafiyarsa in ba a gan shi ba. A saƙonka ban ji abin da Hajiya ta ce ba. Ita za ta fi yini a gida, ita za ta fi jin nisan jikoki. Ka zauna da ita, ka bar ta ta faɗi ra'ayinta har ƙarshe.

Ga abin da nake ba ka shawara. Kada ka sayar da gidanka. Ka ba da shi haya, kuɗin su riƙa shigowa, ƙofar komawa ta zauna a buɗe. Ku zo da bizar ziyara a lokacin da ruwa ya fi sauka, a nan Satumba zuwa Nuwamba ne, ku kama hayar gida mai lif a unguwar da 'yan gari ke zaune, wadda ba ta wuce tafiyar minti 20 zuwa babban asibiti ba. Ku yi cefane da kanku, ku ga likita ku biya, ku rubuta duk abin da kuka kashe. In kun koma gida kuka ji har yanzu zuciya na nan, sai a fara maganar takardar zama, da lauyan da kai ka ɗauka ba wanda dillali ya kawo ba. Langkawi kuma tana nan kusa, duk lokacin da kuka yi marmarin shuɗin ruwa sai ku je ku yi kwanaki ku dawo.

Ka turo mini sakamakon gwajinku na baya-bayan nan da sunayen magungunan da kuke sha, zan zagaya kamfanonin inshora in ji wanda zai karɓe ku da kuma nawa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.