Jarin gidan jinya a Amurka: Alhaji, ina takardun?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya rubuto cewa ƙanensa, wanda ya daɗe yana aikin jinya a jihar Ohio ta Amurka, ya samu damar karɓar ragamar wani gidan jinya mai gado 60, irin wanda ake kai tsofaffi da marasa lafiya bayan an sallame su daga asibiti. Ƙanen ya nemi ya zuba dala 150,000 a ba shi kashi 10 cikin ɗari, ya kuma turo masa lissafi ta WhatsApp cewa gwamnati tana biyan dala 500 kan kowane gado a kullum, wato dala 900,000 a wata. Ya ce ba sai an sa sunan Alhaji a takarda ba don kada aiki ya yi jinkiri, kuɗin kuma a tura su ta hannun 'yan canji zuwa asusunsa. Alhajin yana tambaya ko ya sayar da shago ɗaya ya cika kuɗin.

Alhaji, kada ka sayar da shagon nan. Ban zargi ƙanenka da ha'inci ba, domin mai yiwuwa shi ma ya yarda da lissafin da ya turo maka, amma na karanta wasiƙarka daga farko har ƙarshe ban ga inda ka ambaci takarda ko guda ɗaya da ka gani da idonka ba. Ko sunan gidan ba ka faɗa ba, kuma ina kyautata zaton ba ka tambaya ba. Kai da ba ka karɓar dila sai an kwance ka ƙirga turame, ka yarda ka zuba dala 150,000 a kan saƙon waya saboda uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Wannan shi ne kuskurenka, kuma ya fi muni a wannan sana'a fiye da kowace, domin a gidan jinya na Amurka duk wata dala da gwamnati ta biya, a kan takarda take biyan ta, kuma idan takardar ta gaza tana da ikon dawowa ta karɓi kuɗinta ko bayan shekaru.

Mu fara da dala 500 ɗin nan. Shirye-shiryen inshorar lafiya biyu na gwamnati ne ke biyan yawancin kuɗin waɗannan gidaje, Medicare da Medicaid, waɗanda aka kafa a 1965, kuma ba ɗaya suke ba. Medicare, wanda shi ne ke biya da tsoka, na ɗan gajeren zama ne. A ƙa'idarsa sai mutum ya kwanta a asibiti kwana 3 a jere kafin ya cancanta, sannan ba ya biyan fiye da kwana 100 a zango ɗaya. Kwana 20 na farko ne kawai yake ɗauka gaba ɗaya. Daga kwana na 21 majinyaci ne ke biyan wani kaso, wanda a 2025 ya kai dala 209.50 a kullum, kuma gidan ne zai bi shi ko inshorarsa ya karɓo. Da zarar majinyaci ya daina buƙatar kulawar ƙwararru a kullum, biyan ya tsaya ko da bai kai kwana 100 ba. Tsohon da zai zauna shekara biyu ko uku ana ciyar da shi ana yi masa wanka ba ya cikin wannan lissafi. Shi Medicaid ke ɗauka, kuma kimanin 6 cikin kowane 10 na mazauna gidajen jinya a Amurka a kansa suke. Kowace jiha ita ke yanka farashinta, kuma galibi yana ƙasa da na Medicare nesa ba kusa ba.

Ga misali nawa, na ƙiyasi kawai. A ce gado 50 ne ke da mutane cikin 60, shida daga ciki a kan dala 500, sauran 44 a kan dala 270. Abin da zai shigo bai wuce dala 15,000 a rana ba, wato wajen 450,000 a wata, rabin abin da aka nuna maka. Daga ciki za a fitar da albashi, wanda shi ne ke lashe kaso mafi girma, sai hayar gini, abinci, magani da inshorar kariya idan an kai gidan ƙara kotu. Na ce haya ne domin a wannan sana'a sau da yawa mai gini daban, mai gudanarwa daban, kuma kalmar da ƙanenka ya yi amfani da ita, karɓar ragama, ta nuna mini cewa ba ginin za ku saya ba. Idan haka ne, kashi 10 ɗinka ba shi da ko bulo ɗaya a ciki.

Ko wannan kuɗin ma ba a kan gado ake biyan sa ba. Tun 1 ga Oktoba 2019 Medicare ya koma tsarin da ake kira PDPM, inda ake yanke farashin kowane majinyaci bisa ciwonsa da halin da yake ciki kamar yadda ma'aikatan gidan suka cike a fom ɗin tantancewa mai suna MDS. Idan mai cike fom ya rage, gidan ya yi asara. Idan ya ƙara abin da babu shi a fayil ɗin majinyaci, gidan ya karɓi kuɗin da ba nasa ba. Wata doka ta 2010 ta wajabta wa duk wanda ya gano an biya shi fiye da haƙƙinsa ya sanar ya mayar cikin kwana 60. Wanda ya yi shiru yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar da'awar ƙarya ta 1863, wadda ke ninka asarar gwamnati sau uku, ban da tara a kan kowace takardar neman biya, kuma tana ba ma'aikacin da ya tona asiri kaso daga abin da aka ƙwato. A 2016 kamfanin Life Care Centers of America ya amince ya biya dala miliyan 145 don rufe ƙarar da ke zarginsa da cajin Medicare kuɗin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da majinyata ba sa buƙata, kuma tsofaffin ma'aikatansa ne suka fara kai ƙarar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Idan gidan jinya ya sauya hannu, yarjejeniyar da ke tsakaninsa da Medicare tana komawa kan sabon mai shi kai tsaye, tare da duk abin da ke rataye a wuyanta: kuɗin da aka biya tsohon mai gida fiye da ƙima, tarar da ba a biya ba, da tarihin laifuffukan da masu duba suka rubuta. Kamar ka karɓi shago a Kwari ne, washegari masu bin tsohon mai shagon bashi su yi layi a ƙofarka, kuma hukuma ta ce kai za ka biya. Sabon mai gida yana iya ƙin karɓar yarjejeniyar, amma sai ya nemi sabuwa daga tushe, a zo a duba gidan, kuma ba za a biya shi ko sisi na kwanakin jira ba alhali albashi bai tsaya ba.

Na taɓa duba wa wani bawan Allah littattafan gidan da ya karɓa a irin wannan yanayi. Mutumin kirki ne, ƙwararren ma'aikacin jinya kamar ƙanenka, kuma majinyatansa suna cikin tsabta. Bai yi nisa ba sai ga wasiƙa daga masu bincike na gwamnati tana neman fayilolin wasu majinyata na zamanin tsohon mai gidan. Muka sauka ɗakin ajiya na ƙasa muka tarar da su a kwalaye, wasu danshi ya manne shafukansu. Doka ta ce likita ya sa hannu cewa majinyaci yana buƙatar kulawar a lokacin shigarsa, ya sake sa hannu kafin kwana 14 su wuce, sannan duk kwana 30. A fayil bayan fayil layin sa hannun nan fari fat yake, ga sunan likita an buga, ga gurbin kwanan wata, babu alƙalami. An yi jinyar, amma babu shaidar da doka ta nema. Masu binciken suka ɗauki yawan kuskuren da suka samu a waɗannan 'yan fayiloli suka auna shi a kan sauran takardun wancan lokaci, aka fara cire kuɗin daga biyan da ke shigowa. Tsohon mai gidan ya riga ya rufe kamfaninsa. 'Yan uwan da suka tara masa jari daga gida ba su da ko takarda ɗaya da za su nuna, kuma har na rabu da su ba sa gaisawa.

Sai maganar masu duba. Tun dokar gyaran gidajen jinya ta 1987, jami'an jiha suna shiga kowane gida ba tare da sanarwa ba, kuma doka ta ce kada a wuce wata 15 tsakanin dubawa da dubawa, ban da zuwan da suke yi idan an kai ƙorafi. Suna duba gyambon kwanciya, faɗuwar tsofaffi, yadda ake raba magani, har zafin abinci, su rubuta abin da suka gani a fom mai lamba CMS-2567. Gidan da bai gyara ba cikin wata 3 ana daina biyan sa kuɗin sababbin majinyata, wanda ya kai wata 6 kuma ana yanke yarjejeniyarsa. Dole a samu nas mai cikakkiyar rajista aƙalla awa 8 a jere kowace rana har da ranakun hutu, da nas mai lasisi dare da rana, kuma duk wata uku ana tura wa hukumar CMS, mai kula da Medicare da Medicaid, bayanan awannin ma'aikata daga takardar albashi. Ina goyon bayan wannan tsanani, domin waɗanda ke kwance a gadajen nan iyayen wasu ne da ba sa iya kare kansu, kuma mai jarin da ya shigo da burin dala 900,000 a wata, idan lissafi ya ƙi, ma'aikata yake fara ragewa. Kamfanin Skyline ya tara gidajen jinya wajen 100 cikin 'yan shekaru daga wani ofis da ke saman shagon fiza a New Jersey. A 2018 ya durƙushe, ma'aikata suka rasa albashi, jihohi irin su Nebraska da Kansas suka nemi kotu ta ɗora wasu a kan gidajen don kada tsofaffi su tagayyara.

Batun ɓoye sunanka kuwa, kada ka yarda da shi ko da sauran komai ya yi daidai. Duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin ɗari ko fiye na gidan da ke karɓar kuɗin Medicare, dole a bayyana shi a fom ɗin rajista CMS-855A. Kashi 10 da ba a rubuta ba, ko dai ƙarya ce aka yi wa gwamnati, wadda za ta iya jawo soke rajistar gidan, ko kuma ba ka da kashi 10 ɗin. Kuɗin da suka bi ta Wapa suka faɗa asusun ƙanenka na kansa, da wuya wata kotu a Ohio ta kalle su a matsayin hannun jari. Idan ta Allah ta kasance a kansa, matarsa da 'ya'yansa da masu bin sa bashi ne za su tsaya a gaban alƙali, kai kana Kano da saƙon WhatsApp. Na san kana jin nauyin ka nemi takarda daga ɗan uwanka, amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba ta ware 'yan uwa ba.

Ka kira shi ka ce ya ba ka cikakken sunan gidan. Da sunan kaɗai ɗanka zai iya buɗe shafin Care Compare na Medicare a waya, kyauta, ya ga taurarin gidan daga 1 zuwa 5, da rahotannin dubawa da tarar da aka ci shi. Sannan ya turo rahoton kuɗin da gidan ke miƙa wa Medicare duk shekara, na shekara uku baya, da jadawalin wanda ke biyan kuɗin kowane gado wata-wata, da jerin basussukan da gidan ke bi da tsawon lokacin da suka yi, musamman na majinyatan da aka kwantar ana jiran Medicaid ya amince da su. Ka ga yarjejeniyar haya, ka ga duk wata wasiƙar bincike da ba a rufe ba, ka kuma tambayi wane ne zai riƙe lasisin shugabancin gidan, domin lasisin jinya na ƙanenka daban yake da wannan. Lauyan da zai karanta su ya zama naka, wanda ya san dokar lafiya ta Ohio, kai ka biya shi, kuma ya tabbatar an riƙe wani ɓangare na kuɗin mai sayarwa a hannun amintacce har zuwa lokacin da tsofaffin basussuka za su bayyana.

Idan takardun sun iso, ka turo mini mu duba tare, ka kuma tambaye shi kuɗin albashin wata uku na farko daga ina za su fito, domin biya yakan yi jinkiri bayan sauyin hannu kuma ban ga wannan a lissafinsa ba. Idan kuwa ya ce lokaci ya ƙure, wani zai riga ku, to ka bar wa wanin. In zuciyarka ta ƙi barin ka ka juya masa baya, ka ba shi abin da za ka iya rasawa ba tare da ka taɓa shago ba, a matsayin rance, da ranar biya a rubuce da shaidu biyu.