Ina son ɗauko yaro in riƙe amma 'yan uwa sun tsorata ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Mun daɗe da aure ni da maigidana Allah bai ba mu haihuwa ba, asibiti kam mun yi har mun gaji. Yanzu zuciyata ta karkata ga ɗauko yaro daga gidan marayu, maigida ya ce min "duk yadda kika gani", amma 'yan uwa sai cewa suke ba ka san jinin da za ka kwaso ba, wai in ya girma guduwa zai yi. Ga wata kuma ta ce za ta haɗa ni da wata nas da za ta samo min jariri cikin sati biyu ba wahalar takardu. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwarki.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana haɗuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa.

Zancen nas ɗin nan ki rufe shi yau yau. Sunansa safarar yara, kuma jaririn da aka miƙo miki ba takarda to wataƙila akwai uwar da aka ce wa ɗanta ya koma tana can tana kuka, ranar da asiri ya tonu ke za a kama, a karɓe yaron bayan kin shaƙu da shi. Ki bi ta hukumar da ke kula da yara da kuma kotu, za su zo su ga gidanku, su yi ta tambayoyi har ki ji haushi, a ɗau watanni, ki daure.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar maigidanki. "Duk yadda kika gani" fa ba eh ba ce, sau da yawa maganar wanda ba ya son ya ga hawayenki ce kawai. Ki zaunar da shi ki tambaye shi kai tsaye, in Allah ya kawo namu daga baya ya matsayin wannan zai zama? Ke ma ki tambayi kanki, dan riƙo ba ya goge ciwon rashin haihuwa, ranar da ƙanwarki ta haihu zai iya motsawa ko da yaro a cinyarki, kuma bai kamata a ɗora wa ƙaramin yaro aikin share miki wannan ba.

Batun jini kuwa, gaskiya an fi zuzuta shi, 'ya'yan cikinmu ma waye ya san yadda za su tashi? Abin dubawa shi ne lafiyarsa da daɗewarsa ba mai kula da shi shi kaɗai. A yi masa gwajin HIV, ciwon hanta da sikila. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, Farfesa Michael Rutter, wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila, ya bibiyi yaran gidajen marayun ƙasar da aka kai Ingila, waɗanda aka ɗauka kafin wata 6 sun kusa kamo sa'o'insu, waɗanda suka daɗe kuma an fi samun matsalar nutsuwa da shaƙuwa a cikinsu. Kinga kenan kar ki firgita in kin ga yana ɓoye abinci ƙarƙashin filo, ko yana fitsarin kwance, ko ya ruga ya rungume duk baƙon da ya shigo ke kuma ya ƙi haɗa ido da ke. Ba mugun hali ba ne, bai gama yarda cewa ba za ki tafi ba ne, kuma akwai likitocin yara da ke taimakawa.

A addini ma ki sani, Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu, dan haka ba a canja nasaba kuma ba ya cin gado, sai dai wasiyya har sulusi ko kyauta tun kuna raye. In bai kai shekara 2 ba shayarwa tana sa ya zama muharraminki, ki tuntuɓi malami da likita tun kafin ya zo.

Kar ki ɓoye masa asalinsa. Ki fara gaya masa tun yana ƙarami da kalmomin da zai gane, kafin wani ya yi masa gori a waje. In ya girma ya ce zai nemi danginsa ba butulci ba ne, shi ya sa duk wata takarda da hoton da aka ba ki ranar da kika karɓe shi ki adana masa su wuri guda.