Ka faɗa wa mai motar, amma ka san ta inda za ka fara

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya, Allah ya saka maka da alheri da abin ya dame ka har ka nemi shawara. Ka ce ranar kasuwar Gujungu ka ga wata motar kaya ƙirar Kanta ta yi ribas ta daki wata Golf da aka ajiye a gefen titi, ta fasa mata fitilar baya ta lotsa but, direban ya leƙo ya duba, ya ja motarsa ya yi gaba. Ka riƙe lamba, ka kuma gane direban, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku ne. Abokanka suna ce maka ba ruwanka, kai kuma zuciyarka ta ƙi kwanciya. Amsata ita ce mai motar nan ya kamata ya sani. Sai dai akwai yadda ake bi, kuma wajen bin ne mutane suke ɓata abin.

Na daɗe ina tuƙin haya a hanyar Kano zuwa Gumel da Maigatari kafin ciwon baya ya sauke ni. Yanzu ina sayar da taki da maganin feshi a bakin titi, daidai inda motoci ke jeruwa ranar kasuwa. Don haka na san abin da direba ke ji, na kuma san abin da masu kallo ke yi.

Masu cewa ba ruwanka sun manta cewa asarar nan ba ta ɓacewa don ka yi shiru. Dole wani ya biya, kuma yawanci ba mai laifin ba ne. Motocin da kake gani a Gujungu ranar Lahadi, ko Shuwarin ranar Litinin, ko Maigatari ranar Alhamis, da yawansu ba masu su ne ke tuƙa su ba. Direba ne aka ba shi ya yi aiki ya kawo balas. In ya koma gida da fasasshiyar fitila ya ce wa maigidansa, "A tsaye na bar ta, na dawo na tarar da ita haka," wa zai yarda da shi? Na san wani yaro da hakan ta faru da shi. Sharon yake ja, yaro mai natsuwa. Ya shiga masallaci sallar Azahar, wata tifar yashi ta goge masa gefe tun daga ƙofar baya har madubi. Mai shayi ya gani, mai faci ya gani, 'yan acaɓan da ke jiran fasinja sun gani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, kowa ya ce hankalinsa ba ya wurin. Mai motar ya ce ƙarya yake yi, tseren fasinja ya yi ya goga da wani, ya karɓe makullinsa. Yaron nan da mata da jariri ya koma dako a cikin kasuwa. Sai bayan watanni, hira ta yi daɗi, mai facin ya faɗi ko wace tifa ce, alhali tuni an ba wani motar. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin da mutum ɗaya ya buɗe baki a ranar, da yaron bai rasa abincinsa ba.

Wani lokacin kuma zargin yana sauka a kan wanda ya fi kowa rauni: mai baro, mai amalanken da ya ratsa ta wurin, ko almajiran da aka gani sun jingina da motar. An sha marin yara a kan ɓarnar da magidanci ya yi. Ko da mai motar ne da kansa yake tuƙa abarsa, ga fanel bita, ga mai fenti, ga fitilar da wataƙila sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ga kwanakin da za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. A ƙauye kuwa mota ɗaya ce ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ita ce ke kai buhunan riɗi kasuwa.

Ta fuskar addini maganar a fili take. A Suratul Baƙara, aya ta 283, Allah ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. A Suratun Nisa'i, aya ta 135, ya umarce mu mu tsayu da adalci mu yi shaida saboda shi ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu ko danginmu, balle ɗan maƙwabcin ƙauye. Akwai kuma hadisin Zaidu ɗan Khalid a Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherin shaidu shi ne wanda ke kawo shaidarsa tun kafin a tambaye shi. Malamai sun ɗora hadisin a kan irin halin da kake ciki: kana riƙe da shaida, mai haƙƙin bai san kana da ita ba, to kai ne za ka je ka sanar da shi. Mai Golf bai san ka gani ba, ta yaya zai neme ka?

Kada kuma wani ya ce ai ba da gangan direban ya yi ba. Wa ke dukan motar mutane da gangan? Kuskure yana ɗauke zunubi, amma ba ya ɗauke biya. Duk wanda ya karanta littafin fiƙihu na Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. In an ɗora wa mai jaki da mai raƙumi, ina ga mai sitiyari a hannu? Abin da ya yi da gangan shi ne tafiyar da ya yi bayan ya leƙo ya gani.

Hujjar abokanka mafi ƙarfi ita ce rufin asiri, kuma ban raina ta ba, tunda mu mutane ne da gobe za mu haɗu a wajen suna da jana'iza. Amma rufin asirin da aka kwaɗaitar da mu a kai na laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. In da haƙƙin wani a ciki, shirunka ya zama ka taimaki wanda ya yi ɓarna a kan wanda aka yi wa. Abin da ya fi ba ni haushi, masu cewa kada a tona asiri su ne za su baza labarin a majalisa da teburin mai shayi, duk gari ya san wanda ya yi, ban da mai motar.

Tunda ka san direban, da shi za ka fara. Ka same shi shi kaɗai, ba a tasha gaban abokan aikinsa ba. Ka ce masa, "Malam, na ga abin da ya faru ranar Lahadi. Gara ka je wajen mai motar nan da ƙafarka, in kana so ni zan raka ka. In ba ka je ba, ni ba zan iya ɓoye masa ba." In ya girme ka sosai, ko sa'an mahaifinka ne, ka bi ta hannun limaminku ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. Ka ba shi kwana biyu ko uku, ba fiye ba.

Na ga wannan hanya ta fi kowace yin aiki, domin yawancin masu gudu tsoro ne ke korar su, ba mugunta ba. Wanda bai taɓa tuƙi ba bai san yadda gaban direba ke faɗuwa in ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa a tsakiyar kasuwa ba. Kafin ya sauko an kewaye shi, wannan ya shaƙe masa wuyan riga, wancan ya zare makulli, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne zai fi kowa ɗaga murya. Ga shi Kantar ma wataƙila ba tasa ba ce, yana tunanin abin da zai gaya wa nasa maigidan. Duk wannan bai wanke shi ba, amma shi ya sa in an same shi cikin mutunci yakan sauko. Mutumin da ya zo da kansa ya ba da haƙuri kuwa, sau da yawa ana rage masa, wani ma ya ce ya yafe, Allah ya kiyaye gaba. Yafiyar nan ta mai motar ce. Kai ba ka da ikon yafewa a madadinsa ta hanyar yin shiru.

In ya ƙi, ko ya fara yi maka hanya-hanya, sai ka je wajen mai Golf. A nan ka kiyaye harshenka ƙwarai. Abin da idonka ya gani kaɗai za ka faɗa: irin motar, launinta, lambarta, lokacin, da yadda ta dake ta. Kada ka ƙara da cewa a buge yake ko waya yake yi in ba ka gani ba, don shaidar zur tana cikin manyan zunubai. In akwai adadi ɗaya a lambar da kake kokwanto, ka faɗa masa haka, kada a je a kama wani bawan Allah. Haruffa ukun farko na lamba suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa mota rajista, kamar DUT na Dutse ko HJA na Haɗeja, jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Amma wannan ba ya nuna garin direba, motoci nawa ne a nan masu lambar Legas? A wurarenmu rubutun da ke jikin mota, da irin kayan da take ɗauka, da fuskar yaron motar, sun fi lamba saurin gano ta. 'Yan kamasho sun san kowace.

Daga nan aikin na mai motar ne, kai shaida ne kawai. In ya nemi shawararka, ka nuna masa ya fara da shugabannin tasha. 'Yan ƙungiyar direbobi ta NURTW sun san wanda ya yi lodi a ranar da inda ya nufa, kuma direba yana jin maganarsu saboda a hannunsu layinsa yake. Akwai sarkin kasuwa, akwai mai unguwa da dagaci. Sulhun da na ga yana ɗorewa shi ne wanda aka tafi tare wajen fanel bita, ya faɗi kuɗin aiki a gaban kowa, aka rubuta, aka yanka wa direban abin da zai riƙa kawowa duk ranar kasuwa har ya gama.

Wajen 'yan sanda ana zuwa in direban ya yi musu, ko baƙuwar mota ce da ba wanda ya sani, ko ɓarnar ta yi girma. Na san abin da ke sa mutanenmu gudun caji ofis: tsoron a yi ta kiran mutum yana barin gonarsa, ko mai shaida ya koma abin tuhuma. In ta kai ga haka ka tafi da wani babba, kuma kada ka sa hannu ko dangwale a takardar da ba a karanta maka ba. Shi ma mai motar ya sani cewa aya ta 282 a Baƙara ta hana a cutar da mai shaida, don haka kuɗin motarka a wuyansa yake, kuma bai kamata ya riƙa yawo da sunanka ba sai inda ya zama dole. In direban mutum ne da ake tsoron sharrinsa, ka isar da maganar ta hannun mai unguwa, ba laifi. In kuwa da mutum aka buge, babu maganar jiran kwana biyu, a kai shi asibiti a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122 nan take.

Akwai abin da direbobinmu da yawa ba su sani ba. Takardar inshorar nan ta dole da ake haɗawa da takardun mota, ba don nuna wa jami'ai a hanya kawai aka yi ta ba, aikinta biyan ɓarnar da ka yi wa wani. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manyan motoci da na kaya nasu kuɗin daban ne. Matsalar ita ce takardun bogi sun yi yawa, kuma kamfani yakan nemi rahoton 'yan sanda da hotuna kafin ya biya. Amma ko ta gaske ce, babu abin da mai Golf zai iya nema in bai san motar da ta dake shi ba. Lambar nan da ka riƙe ita ce mafarin komai.

Abu biyu nake roƙon duk mai karanta wannan ya guje musu. Kada ka ɗora hoton motar da lambarta a Facebook ko ka watsa a WhatsApp kana tsine wa direba, domin ka tozarta shi da iyalinsa, mai haƙƙi kuma bai samu ko kwabo ba, ga shi in ka yi kuskuren lamba ba ka da yadda za ka janye. Kada kuma ka yi ihun ɓarawo ko ka sa 'yan babur su bi mota a guje ranar kasuwa. Taron da ka tayar ba za ka iya kwantar da shi ba, kuma ba a zubar da jini a kan fitilar mota.

Kai dai kada ka ja lokaci. Yanzu haka akwai yiwuwar fentin Golf ɗin yana nan a ƙarfen bayan Kantar, kuma shi ne zai hana musu in an zo zama. In aka ƙara mako ɗaya an wanke ko an shafe, magana ta koma taka da tasa. Ka nemi direban kafin Lahadi mai zuwa, ka kuma gaya wa mai Golf ya ɗauki hoton motarsa kafin ya kai ta gyara. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa a rabu lafiya.