Amsa: Haɗa bilic don goge jini a ɗakin haihuwa

Malama, kin tambayi yadda za ki haɗa bilic idan jini ya zuba a ƙasa. Fara duba ƙarfin bilic ɗin da aka rubuta a jikin robarsa. In an rubuta 3.5%, kamar Jik, ki zuba kofi 1 cikin kofi 6 na ruwa, zai ba ki haɗi mai ƙarfin 0.5%, wanda ake so don wannan aikin.

Sa safar hannu, ki fara kwashe jinin da tsumma, domin jini yana kashe ƙarfin bilic. Nan ne akasari ake kuskure. Sannan ki jiƙa wurin da haɗin bilic ɗin, ki bar shi minti 10 kafin ki goge.

Haɗin jiya a zubar da shi. Ki ajiye na yau a bokiti mai murfi, cikin inuwa, musamman lokacin bazarar Zariya. Kada ki gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa na cutar da huhu.